Jirgin yawo a Bahar Rum: wane gini ya cancanci a sauka dominsa a kowace tasha?

Baban Sadiya:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya.

Ɗana da ke aiki a Faransa ya matsa sai ni da mahaifiyarsa mun je mun huta, har ya biya mana kuɗin irin jirgin ruwan nan na yawon buɗe ido da ke zagaya Bahar Rum. Biza ta fito, alhamdu lillahi. Takardar da ya turo ta nuna daga Basalona za mu tashi, mu tsaya Marseille, sai Jenowa, sai Civitavecchia inda aka ce daga nan ake zuwa birnin Rum, sai Palermo, sai Valletta ta ƙasar Malta, mu komo Basalona. Kowace tasha da safe ake isa, kafin magariba an ɗaga.

Ni aikina har na yi ritaya duba gini ne a ma'aikatar ayyuka. Ba ruwana da wuraren kiɗa da na caca da aka ce suna cikin jirgin. Abin da zai kai ni shi ne in ga yadda mutanen nan suka aza gini ya yi shekara ɗari biyar bai tsage ba, yadda suke yi da zafi, da yadda suke bi da ruwan sama. Tambayoyina uku ne. Kamfanin jirgin yana sayar da yawo a bas a kowace tasha, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne in aka ninka biyu. Shin dole ne, ko mutum zai iya fita da ƙafarsa? Na biyu, Hajiya tana fama da gwiwa, ba ta son matakala. Na uku, hotunan da nake gani kusan duk coci ne. Ban da su babu wani abin kallo?

Ɗan Zazzau:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ni aikin gini nake yi a arewacin Italiya, ba nisa da Jenowa, kuma wannan layin da kuka lissafa mun bi shi da iyalina. Ga abin da na gani, 'yan'uwa su ƙara.

Bas ɗin kamfani amfaninsa guda ne: in ya makara, jirgi zai jira shi. Wanda ya fita da ƙafarsa ya makara kuwa, sai dai ya nemi hanyar zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Ban da wannan, mai son kallon gini bas cutarsa yake yi. A sauke ku gaban gini, mai jagora ya ɗaga 'yar tutarsa ya zuba bayani, kafin ku gama duba yadda aka zaunar da dutse kan dutse an ce a koma mota, sai shagon tsaraba, can ne za a bar ku ku daɗe. Ku zaɓi gini ɗaya ko biyu a kowace tasha, ku ba su lokacinsu, ku dawo da sauran rana. A ƙofar sauka ana rubuta lokacin da za a rufe shiga, yawanci rabin sa'a kafin tashi. Ku ɗauki hotonsa da waya.

Zan fara da Palermo, don ita ce amsar tambayarku ta uku. Tsibirin Sisili, inda Palermo take, ya yi sama da shekara 200 a hannun Musulmi. Rundunar da ta sauka a 827 daga Tunusiya ta taso, kuma jagoranta malami ne, alƙalin Ƙairawan, Asad bin Furat, wanda ya ɗauki karatu wurin Imam Malik a Madina. Palermo ta shiga hannunsu a 831. Ibn Hauƙal da ya zo garin a ƙarni na 10 ya ce masallatansa sun haura 300. Kada ku sa rai da ganinsu, kusan babu abin da ya rage a tsaye. Abin da ya rage hannun maginan ne. Da Normawa, Turawa Kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka ci garin a 1072 ba su kori masu sana'a ba, riƙe su suka yi, suka sa su aiki.

Daga tasha ku hau tasi ku ce a kai ku Zisa. Ba coci ba ce, fadar shan iska ce da Sarki William na ɗaya ya soma wajen 1165, ɗansa ya ƙarasa. Daga waje ba ta da wani kwarjini, katon gini ne mai kusurwa huɗu, bango mai kauri, tagogi ƙanana. Sai an shiga babban ɗakin ƙasa. A bangon ƙurya akwai mafitar ruwa. Ruwan yana gangarowa kan wani allon mabul da aka jingina a karkace, an yi masa tsaga-tsaga don ruwan ya warwatsu, sannan ya bi wata 'yar kwata da ta ratsa tsakiyar daɓen, ya huta a ƙananan kwatarniya biyu, ya fita waje zuwa tafkin da ke gaban fadar. Fuskar ginin tana kallon inda iskar teku ke fitowa. Iska ta bi ta kan tafki ta yi sanyi, ta shigo ta manyan ƙofofi uku, ta sake bi ta kan ruwan ciki, mai zafin kuma ta haye ta kafofin da aka bari cikin bango ta fice ta sama. Ranar da muka je an kashe ruwan, amma duk da haka da na tsaya bakin ƙofa na ji bambancin ciki da waje a fatata. Na daɗe ina tunanin gidajen da muke yi yanzu, bulo mai inci shida da kwanon rufi, sannan mu zauna jiran wuta don fanka. Ɗakin nan a ƙasa yake, Hajiya za ta iya zama ku kuma ku hau sama ku duba kafofin iskar. A saman akwai wani dutsen kabari na tsakiyar ƙarni na 12 da aka rubuta da rubutu iri huɗu: Latin, Girkanci, Larabci da haruffan Ibrananci.

Na biyu a Palermo shi ne Cappella Palatina, cikin fadar Normawa. Wannan kam ɗakin ibadar Kirista ne, na Sarki Roger na biyu, an buɗe shi a 1140. Batun shiga ko rashin shiga, ku tambayi malaminku kafin ku taso. Ni na shiga, don rufin. Bangon dai Girkawa ne suka lulluɓe shi da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya, rufin tsakiya kuwa kafintocin da suka gaji aikin ƙasashen Musulmi ne suka yi shi. Katako ne sirara da aka yanka ƙanana aka harhaɗa, rami cikin rami, jere bisa jere, suna saukowa; aikin da ake kira muƙarnas. An zana mutane a ciki suna cin abinci, suna kaɗa garaya irin ta Larabawa, ga rubutun Kufi zagaye da taurari. Yana da nisa daga ƙasa, in kuna da ƙaramin madubin hangen nesa ku sa a aljihu. A fadar nan ne Idrisi, Musulmi masanin labarin ƙasa, ya zauna ya kammala wa Roger taswirar duniya a 1154. Akwai matakala kafin a kai, wannan ba na Hajiya ba ne.

In ba za ku shiga ba, ku gangara kaɗan zuwa babban cocin garin, ku tsaya a waje. A wurin ne babban masallacin Juma'a yake a da. A rumfar ƙofar da ke kallon fili, al'amudin farko ta hannun hagu, an sassaƙa aya ta 54 ta Suratul A'araf a jikinsa. Tsohon al'amudi ne aka ɗauko aka sake amfani da shi. Mutane ɗari za su wuce ta gefensa babu mai ɗaga kai. Na tsaya na karanta, wani tsoho mai sayar da katin hoto ya matso yana tambayata me aka rubuta, wai shekarunsa nawa a wurin ba wanda ya taɓa gaya masa.

Jenowa kuwa kada ku ba kowa ko sisi. Jirgi a cikin gari yake tsayawa. Garin ya matse tsakanin dutse da teku, fili babu, shi ya sa suka yi sama: benaye hawa shida, bakwai, lungu kuma wani wurin in ka miƙa hannu biyu sai ka kusa taɓa bango da bango. Rana ba ta sauka ƙasa, ko a watan Agusta akwai sanyi a ciki. Ku ratsa ku fita Via Garibaldi. Titi ne miƙaƙƙe, tsawonsa bai wuce mita 250 ba, shimfiɗaɗɗe, babu hawa, gwiwar Hajiya ba za ta koka ba. Attajiran garin, masu ba sarakunan Sifaniya bashi, su suka yanka shi a tsakiyar ƙarni na 16 suka jera gidaje dama da hagu. Gwamnatin garin ba ta da gidan saukar baƙi, sai a 1576 ta rubuta sunayen manyan gidaje, ta kasa su daraja-daraja. In babban baƙo ya zo a jefa ƙuri'a, gidan da ta faɗa wa shi zai sauke shi, ci da sha duk a wuyan maigidan. Kamar dai yadda sarki a wurinmu kan ce a kai baƙonsa gidan attajiri wane, sai dai su da rajista suke yi. Gidaje 42 daga ciki UNESCO ta sa su a jerinta na wuraren tarihin duniya a 2006.

Abin da za ku so, Baba, shi ne yadda suka yi da gangare. Gidajen ɓangaren tudu, ƙasar bayansu ta fi ta gabansu tsawo nesa. Ba su fasa dutsen sun daidaita ba. Ku shiga Palazzo Doria-Tursi, wanda yanzu shi ne ofishin magajin gari, ana barin mutane su shiga tsakar gidan. Daga titi zaure, daga zaure 'yan matakala zuwa tsakar gida mai al'amudai, daga ƙuryarta matakala ta rabu biyu ta hau hawa na gaba, lambu kuma yana rataye a gefe sama da kan masu wucewa. Mutum yana hawa tudu bai san yana hawa ba. Sannan ku riƙa duban tagogi da kyau a ko'ina cikin garin. Da yawa ba tagogi ba ne, fenti ne: an zana taga da murfinta da inuwarta a kan filasta don fuskar gida ta daidaita. Har ginshiƙi da mutum-mutumi suna zanawa. Ni da nake wannan aiki kullum, akwai wadda sai da na matsa kusa na tabbatar.

Valletta, ku yi sallar asuba ku hau saman jirgi, kada ku koma barci. Shiga wannan tasha ta ruwa shi ne rabin abin da kuka biya. Ganuwa ce ta dutse mai ruwan zuma ta taso daga cikin teku dama da hagu. An aza harsashin garin a 1566, shekara guda bayan rundunar Usmaniyya ta Turkiyya ta yi wa tsibirin ƙawanya ta kasa cinsa, don haka gari ne da tsoro ya gina. Injiniyan soja, Francesco Laparelli, shi ya zana shi a takarda kafin a aza dutse ɗaya, tituna miƙaƙƙu suna gicciye da juna, iskar teku na ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan. An kafa doka kowane gida ya haƙa matattarar ruwan sama a ƙarƙashinsa, don tsibirin ba shi da kogi. Dutsen nasu yana da laushi in an fasa shi sabo, da zarto ake yanka shi, sai ya sha iska ya yi tauri. Amma gishirin teku yana cinsa, za ku ga bango ya rarake rami-rami daga ƙasa. Barandarsu ta katako ce a rufe ruf, kore ko shuɗi ko ja, mai gida ya ga titi titi bai gan shi ba. Daga tasha akwai lif mai tsawon mita 58 da zai ɗaga ku har lambun Upper Barrakka. Daga nan ku bi babban titin tsakiya kawai, shi ne a shimfiɗe. Na gefe da yawansu matakala ne. Mai jagora ba lalle ya faɗa muku ba, amma bayi Musulmi da aka kamo a teku suna da yawa a garin nan, su ke tuƙa jiragen yaƙin masu mulkinsa, har sai da Napoleon ya zo a 1798.

Basalona tunda daga nan za a tashi, ku roƙi ɗanku ku isa kafin ranar. Kowa Sagrada Familia zai ce muku, cocin mai zanen gini Gaudi, wanda aka soma a 1882. Tikitinsa ta intanet ake saye tun kafin a zo, a ƙofa ba a samu. Ni da za ku bi tawa, Casa Mila za ku je, gidan haya da shi Gaudin ya gina daga 1906 zuwa 1912. Dutsen fuskarsa ba ya ɗauke da nauyin komai, ginshiƙai da ƙarfe ne ke riƙe da benen, shi ya sa bangon ya samu damar lanƙwasa yadda ya ga dama. A hawan ƙarshe ƙarƙashin rufi akwai baka 270 na jan bulo siriri, kowanne da tsayinsa. Akwai lif. Da kun fito ku dubi mahaɗar titunan unguwar: an yanke kusurwar kowane rukunin gidaje, mahaɗa ta zama fili, tsarin Ildefons Cerda ne tun 1859, kafin mota ta zo duniya.

Rum kuwa ni ban ba ku shawara ba. Tafiyar kusan kilomita 80 ce zuwa, 80 dawowa, ga cunkoso, ga fargabar jirgi. Ku huta a Civitavecchia, ku dubi ganuwar tashar, ku sha shayi.

Injiniya Bichi:

Ɗan Zazzau, Allah ya saka da alheri, amma a kan Rum ban bi ka ba. Kai kana Italiya, gobe ma in ka so ka hau jirgin ƙasa ka je. Alhaji daga gida zai taso, ga wahalar biza, ga shekaru. A ce mai duba gini ya zo bakin ƙofar Rum ya zauna shan shayi?

Alhaji, dokar da ya ba ku ta gini ɗaya ita za ku bi, ginin kuma Pantheon ne. Jirgin ƙasa daga Civitavecchia zuwa cikin Rum sa'a guda ne da 'yan mintuna, daga tasha ku hau tasi. Kada ku ce za ku haɗa da Colosseum da Vatican, nan ne mutane ke rasa jirgi. An gama Pantheon zamanin Sarki Hadrian, wajen shekara ta 126 miladiyya. Ƙubbarsa kankare ce, babu rodi ko ɗaya a ciki, faɗinta mita 43 da ɗoriya, kuma tsayinta daga daɓe zuwa ƙololuwa daidai yake da faɗin. Har yau ba a yi ƙubbar kankare marar rodi da ta fi ta ba. Dabarar tana cikin haɗin: a gindi kaurin ya kai mita 6 da tsakuwa mai nauyi, ana hawa ana rage kauri ana sauya tsakuwar da mai sauƙi, har a kai ga dutsen aman wuta mai ramuka wanda ba shi da nauyi, a sama kaurin bai fi mita ɗaya da kaɗan ba. Ramukan nan masu kusurwa huɗu da ke jikin rufin su ma rage nauyi suke yi. A ƙololuwa an bar ƙofa a buɗe, faɗinta kusan mita 9, ita ce kaɗai tagar ginin. Kun tambayi ruwan sama: yana shigowa, daɓen an ɗan tayar da tsakiyarsa, ga ƙananan kafofi da ke shanye shi. Ku duƙa ku neme su.

Gaskiya ɗaya, tun ƙarni na 7 aka mayar da shi coci, dalilin da ya sa ya tsira ke nan ba a kwashe duwatsunsa ba. Tun 2023 ana biyan kuɗin shiga. Matakala babu, daga fili sai ciki. Ku baro Rum da azahar komai daɗinta. In hankalinku bai kwanta da jirgin ƙasa ba, wannan ce tasha ɗaya da zan ce ku biya bas ɗin kamfani, irin wanda ke kai mutum ya sauke ya ba shi lokacin dawowa ba tare da mai jagora ba.

Ba'damagare:

Sannunku. Na ga an tsallake Marseille, to nan nake zaune, bari in cike.

Alhaji, a nan ba a fita da ƙafa. Inda manyan jirage ke tsayawa yana can arewa cikin tashar kaya, nesa da gari, sai da mota. Ku sauka tsohuwar tasha, Vieux-Port. Kowa zai nuna muku cocin da ke kan tudu, Notre-Dame de la Garde. Kallon gari daga can yana da kyau, bas mai lamba 60 yana kaiwa, amma hawa ne, ku auna da Hajiya.

Wanda ya yi aikin siminti abu biyu zan nuna masa, kuma babu coci a ciki. Na farko gidan tarihin MuCEM a bakin ruwa, an buɗe shi a 2013, aikin Rudy Ricciotti. An yafa wa ginin raga ta baƙin kankare, siririya, rana na shigowa ta kafofinta a tsattsage. Ku sa hannu ku shafa, ba za ku yarda siminti ba ne. Daga rufinsa wata siririyar gada ta kankare ta tsallaka ruwa zuwa tsohuwar ganuwar Saint-Jean babu ginshiƙi a tsakiya. Zagaya waje da hawa rufi ba a biya, amma ranar Talata a rufe yake.

Na biyu benen mai zanen gini Le Corbusier a titin Boulevard Michelet, wanda aka gina daga 1947 zuwa 1952 don waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Gidaje 337 a gini ɗaya, an ɗaga shi kan manyan ƙafafun kankare, ƙasa iska na wucewa. Ba a yi masa filasta ba, shatin katakon da aka zuba kankaren a ciki yana nan a jikinsa har da jijiyar itacen. Akwai layin shaguna a tsakiyar benen, a rufi kuma filin wasan yara. Da aka gama shi mutanen gari gidan mahaukaci suka sa masa suna. Yau gidan ciki ya fi ƙarfin talaka. Ni dai ban ga kyansa ba, amma duk maginin da na kai sai na ja shi kafin ya fito.

Abincin rana ku je unguwar Noailles, bayan titin Canebière, mintuna kaɗan daga tsohuwar tasha. Mahauta na halal jere, 'yan Aljeriya da 'yan Komoro da mutanenmu, ku tambayi kowa wurin salla zai nuna muku.

Maman Iman:

Baba ina wuni. Maza sun yi ta zancen dutse, ni ta Mama zan yi, don da surukata muka je kuma ita ma gwiwar ce.

Abin da ya fi ba ta wahala ba matakala ba ne, daɓen titi ne. Palermo da Jenowa da Rum duk duwatsu ne aka jera, wasu sun yi santsi, wasu sun zauna wasu sun taso. A saya wa Mama takalmi mai igiya mai taushin ƙasa tun daga gida, ta saba da shi, silifa ba zai yi ba. Sanda mai naɗewa ma ta taimaka mana. Shi kansa jirgin gari ne, daga ɗaki zuwa wurin cin abinci tafiya ce, ku ce ɗanku ya nemi a ba ku ɗaki kusa da lif. Kuma ba laifi ba ne wata tashar ta ce ba za ta sauka ba. Ranar da kowa ya fita jirgin shiru yake, surukata ta fi jin daɗin ranar Rum fiye da mu da muka je muka dawo ƙafa a kumbure.

Abinci a jirgi kifi da shinkafa da ganye da 'ya'yan itace ba sa yankewa, ku gaya wa mai kula da teburinku tun daren farko ba ku cin alade ba ku son abin da aka dafa da giya. A gari ne za ku yi hattara, musamman Palermo, suna suya da kitsen alade, har cikin burodi da kayan zaƙi. Sunansa strutto, ku rubuta a takarda ku riƙa nunawa. Wainar garin wake da suke kira panelle da man gyada ko makamancinsa aka saba soya ta, ita muka yi ta ci, amma ita ma ku tambaya.

Salla a ɗaki muke yi. Talabijin ɗin ɗakin yana nuna inda jirgi ya dosa, da shi da manhajar alƙibla ta waya muke gane gabas. Ƙasashen nan huɗu duk bizar Schengen ɗaya ce, amma ku sake duba takardar: wasu jiragen wannan layi suna ratsawa Tunis, in haka ne sai biza mai shiga da fita fiye da sau ɗaya. Fasfo da kuɗi kuma a ƙarƙashin riga, ba a aljihun babbar riga ba, musamman a titin Rambla na Basalona.

Baban Sadiya:

Kai, madalla. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya zuri'a. Na karanta wa Hajiya duka, ta ce Maman Iman ce kaɗai ta san abin da ake ciki. Na duba takarda, babu Tunis. Ta yanke cewa ranar Rum tana jirgi, ni kuma Injiniya ya ci ni da zancen ƙubbar nan, zan biya bas in je in ga kafofin ruwan da idona. Ɗan Zazzau ka yi haƙuri.

Saura abu guda. Tasharmu ta Palermo ranar Litinin ta faɗa. Zisa tana buɗewa?

Ɗan Zazzau:

Babu komai Baba, Injiniya ya fi ni hujja. Litinin kam sai an bincika, don gidajen tarihi da yawa a Italiya ranar suke hutu, kuma lokutan Zisa suna sauyawa tsakanin rani da hunturu. Ku sa ɗanku ya duba shafinsu ana saura mako guda, ya duba na fadar Normawa ma, don majalisar dokokin Sisili a cikinta take zama, ranar da suke zama ana rufe wasu ɗakunan. In Zisa ta ƙi, ku ce wa mai tasi San Cataldo, kusa da mahaɗar Quattro Canti. Ƙaramin coci ne na ƙarni na 12 mai jajayen ƙubbobi uku a jere, daga waje ma ya isa kallo, kuma daga nan zuwa al'amudin mai aya titi ɗaya ne miƙaƙƙe. Ku shirya da mai tasin ya dawo ya ɗauke ku, ku yi ciniki kafin ku shiga.